Iya Reno Gado Ne Ga Awaki

Makiyayi, kana lura da awakinka in sun haihu? Wata akuya takan lashe ɗanta, ta tsaya ya sha nono. Wata kuwa sai ta tunkuyi nata, ta yi tafiyarta. Ɗan da bai sami dakashi ba, wato nonon farko, sau da yawa mutuwa yake yi. Cikin wata 5 ya tafi a banza ke nan.

Masana kiwo sun gano cewa yawan nono da iya reno suna bin jini. Ɗan akuya yakan gaji rabin jininsa daga uwa, rabi daga uba. Saboda haka bunsuru ma yana iya sa wa 'ya'yansa mata halin uwar da ta haife shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Amma ba komai ne gado ba. Jar akuyar Sakkwato takan haifi tagwaye, in ba ta ƙoshi ba nono ba zai ishe su ba. Mai haihuwar fari kuma takan ƙi ɗanta don rashin sabo. A riƙe ta ya sha, a jira haihuwa ta biyu kafin a yanke mata hukunci.

Ga abin yi. In buƙatar kuɗi ta taso, sayar da akuyar da ta ƙi ɗanta sau 2. Ajiye 'ya'ya matan wadda ta iya reno. Kafin ka sayi bunsuru, tambayi labarin uwarsa. Kada ka bari ya yi barbarar 'ya'yansa.