HATTARA DA MASU BUGO WAYA DA SUNAN HUKUMAR HARAJI

Jama'a, wayar salula ta shiga kowane ƙauye. Da ita manomi yake jin farashin hatsi, da ita ɗa yake aiko wa iyayensa kuɗi daga birni. To, ɓarayi ma sun gane amfaninta. Cikinsu akwai masu bugo waya su ce su ma'aikatan haraji ne.

Ga yadda suke yi. Mutum zai kira ka da lambar da ba ka sani ba. Zai gaishe ka da ladabi, wani lokaci har ya ambaci cikakken sunanka. Daga nan sai ya ce gwamnati tana bin ka bashin haraji. Idan ba ka biya yau ba za a rufe asusunka na banki, ko a turo 'yan sanda. Da ya ji ka tsorata sai ya sassauta murya, ya ce zai taimake ka. Zai ba ka lambar wani asusu ka tura kuɗi, ko ya ce ka sayi katin waya ka karanto masa lambobin. Wani kuma ba ya neman kuɗi. Cewa zai yi za a mayar maka da rarar haraji, amma sai ka faɗa masa lambar katinka na ATM da lambar sirri. Wannan ya fi haɗari, domin kwashe asusun zai yi gaba ɗaya.

Sanin sunanka ba shaida ba ce. Suna da lambar waya ba su da wuyar samu.

Abin da ke ba su ƙofa shi ne, dokar haraji ta canja, mutane da yawa kuma ba su san abin da ta ƙunsa ba. A watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, suka fara aiki a Janairun 2026. Hukumar tara haraji ta tarayya, wadda aka sani da FIRS, yanzu sunanta NRS. A sabuwar dokar, wanda abin da yake samu a shekara bai wuce Naira 800,000 ba, babu harajin kuɗin shiga a kansa. Ƙananan manoma da masu ƙananan sana'o'i da yawa suna cikin wannan rukuni. Dattawa kuma za su tuna cewa tun 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke harajin kai da jangali. Ko a wancan zamani ido da ido ake karɓar haraji, ta hannun dagaci da mai unguwa, a ba mutum takarda.

Yau ma haraji da takarda yake tafiya. Harajin ɗaiɗaikun mutane hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ce take karɓa. Tana da ofis, tana rubuto takarda, tana ba da rasit. Kuɗin kuwa asusun gwamnati yake shiga. Idan ka ga asusun da aka ba ka da sunan wani mutum ne, ka san ɓarawo ne. Babu ma'aikacin gwamnati ko na banki da yake da ikon tambayarka lambar sirri, ko lambobin nan da banki yake turo maka ta saƙo lokacin cire kuɗi. BVN ɗinka ma kada ka karanta wa baƙo a waya.

Idan irin wannan kira ya zo, kada ka tsaya gardama. Kashe wayar. Kada ka sake kiran lambar. In hankalinka bai kwanta ba, tafi ofishin haraji ko sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙafarka ka tambaya. In saƙo ne aka turo da Turanci, kai wa malamin ajinku na yaƙi da jahilci ya karanta maka, kada ka latsa komai a cikinsa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ko ya faɗi lambar sirri, ya garzaya banki nan take a toshe katin. Kada ya bari sai gobe, domin ɓarayin ba sa barin kuɗi su kwana a asusu. Kunya ce take hana mutane da yawa magana, alhali 'yan boko da manyan 'yan kasuwa ma ana damfararsu.

Bayan banki sai ofishin 'yan sanda, ko hukumar EFCC mai yaƙi da zamba, wadda take da ofisoshi a Kano da Kaduna da Sakkwato da Gombe da Maiduguri. A sanar da mai unguwa kuma, domin a yi shela a masallaci da kasuwa. Kafin ka tafi, rubuta lambar da aka kira ka da ita, da rana da lokaci, da lambar asusun da aka ba ka da sunan da ke kansa. Kada ka goge saƙonnin da suka turo, za a nemi ganinsu.