Liyafar Hunturu A Hotoro: Teburin Fim Daban, Tukunyar Gaske Daban

DUK mai kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar. Jaruma ta gama karatu ko ta yi zagayowar ranar haihuwa, sai a nuno katafaren falo irin na gidajen Hotoro GRA ko Nassarawa, an jera teburi, ga soyayyiyar shinkafa, ga salak, ga kwalaben lemo suna naso. Tun zamanin kaset, bayan Sangaya da Wasila sun buɗe kasuwa, samari da 'yan mata suka ɗauki wannan teburin a matsayin ma'aunin liyafa. Abin da ba a nuna wa 'yan kallo shi ne, abincin nan na kyamara ne. Kafin darakta ya gama maimaita fitowa sau biyar ya riga ya sandare, kuma ba wanda ya damu.

To, matsalar tana tasowa ne idan ƙungiyar masoyan wani jarumi, ko 'yan ajin da suka gama makaranta tare, suka yi karo-karo don haɗa irin wannan liyafar a hutun ƙarshen shekara. Disamba da Janairu a Kano ba wasa. Da asuba sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, da yamma kuma iskar hunturu na kaɗowa da ƙura. A tsakar gida ko a ƙarƙashin rumfa, minti ashirin ya isa shinkafa ta huce, salak ya sha hazo, lemon da aka kashe kuɗi aka sanyaya kuma ba mai kallonsa. Kafin Isha'i baƙi sun fara zamewa, masu liyafa su zauna da kuloli cike da abinci, ga 'yan karo-karo na tambayar ina kuɗinsu ya tafi.

Waɗanda suka yi Babbar Sallah a cikin sanyi sun san wannan darasin. Ta faɗo a Janairun 2005 da Janairun 2006, sannan a Disambar 2006, 2007 da 2008. A shekarun nan an ga yadda naman rago ke yi idan ya bar wuta: kitsensa na daskarewa tun yana da ɗan ɗumi, ya manne a faranti, ya manne a leɓe. Kitsen kaza bai da wannan halin. Shi ya sa mai dabara, in zai yi farfesu ya zuba a kula ya ajiye, sai ya zaɓi kaza. In kuwa na kayan ciki ne ko ƙafar saniya, to tukunyar ta zauna kan kurfoti har a tashi, ana zubawa ana miƙawa. Kuma darasin zai sake amfani, don watannin Musulunci na ja baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, Ƙaramar Sallah za ta shigo tsakiyar hunturu a farkon shekarun 2030.

Amma sarauniyar liyafar sanyi ita ce waina. Dalili kuwa, ba a ajiye ta, daga tanda sai faranti. A ɗauko mai tuya guda ko biyu su zauna a gefe, wutarsu ma kaɗai ta isa ta tara jama'a. Sai dai ƙullun waina na da taurin kai a wannan lokacin. Yis na son ɗumi, ƙullun da zai tashi cikin 'yan awoyi da bazara, a hunturu sai ya kwanta abinsa. Don haka a jiƙa shinkafar tun daren jiya, a kai niƙa da sassafe, a kwaɓa da ruwan ɗumi, a rufe a sa a rana ko kusa da murhu. Wanda ya bari sai Azahar, wallahi zai ba baƙinsa waina mai nauyi kamar dutsen guga. Mahaɗinta miyar taushe, ga kabewa da gyaɗa duk sababbi ne a kasuwa bayan kaka.

Nan ma aljihu zai huta. Hunturu lokacin kayan lambu ne. Tumatir da tattasai da albasa na noman rani suna fara fitowa daga Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonaki, su sauka a 'Yankaba, wadda ba ta da nisa da Hotoro. Lemon zaƙi kuwa sai 'Yan Lemo a Na'ibawa. 'Yan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da ba sa son dogon zuwa, kasuwar Tarauni na nan kusa, ko da yake mai sayen kwando gara ya daure ya je 'Yankaba da safe.

Shinkafa fa? Ba a ce a kore ta ba, akwai baƙon da in bai ga shinkafa ba, to a wurinsa ba a yi liyafa ba. A yi dafa-duka tukunya guda, a sauke ta daf da fara rabo. Ta isa.

Wurin abin sha ne ake yawan asara. Maimakon katan-katan na lemo da ƙanƙara, a dama kunun gyaɗa ko na tsamiya a zuba a manyan filas, a dafa zoɓo da citta da kanumfari a ba da shi da ɗuminsa. In kuɗin ya kai, a gayyato mai shayin unguwa da teburinsa bayan Magariba, a kuma yi magana da mai tsire ya zo da tukubarsa. Samari ba sa barin wurin da ake juya tsire, ko da kuwa ba a sa kiɗa ba. Abu guda da ake mantawa: a hunturu leɓɓan mutane a tsage suke, barkono mai yawa azaba ne. A sassauta shi a tukunya, a ajiye yaji a gefe, mai so ya barbaɗa.

Sai lissafin baki. A Kano ba a zuwa liyafa mutum ɗaya. Kati hamsin na nufin kowa da abokinsa, wata da ƙannenta biyu, ga yaran layi a bakin ƙofa. Waina da kunu suna da saukin ƙarawa, kaza ba ta da shi, don haka a damƙa ludayin farfesu a hannun mutum guda mai idon rabo, wanda ba ya jin kunyar abokai.

Lokaci kuma, a fara bayan La'asar, a raba abinci mai nauyi kafin Magariba, shayi da tsire su rufe taro. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, 'yan matan da suka zo daga nesa sai sun tsaya jiran A Daidaita Sahu a bakin titin Maiduguri, a cikin wannan iskar. A sallame su da wuri, kowacce da ledar wainarta ta kai wa Hajiya a gida.