Ko Kun Sani?

Mutumin Amarawa da ke son ganin inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi ba sai ya yi doguwar tafiya ba. An haifi Shehu a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, hayin iyaka cikin Nijar ta yau, ya kuma girma a Degel, ƙasar Gwadabawa.

Wazirin Sakkwato Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya tattara karamomin Shehu a littafin Raudul Jinan. Wadda ta fi yawo a bakin jama'a ita ce ta Alkalawa. An ce Sarkin Gobir Yunfa ya kira Shehu fadarsa a can, ya ɗana bindiga ya harbe shi, sai wuta ta dawo ta ƙone mai harbin, Shehu ko ƙwarzane.

A ganina gudun duniyarsa ya fi wannan ban mamaki. Wajajen 1788, ranar Babbar Sallah a Magami, Sarkin Gobir na lokacin, Bawa Jangwarzo, ya yi wa malamai kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariya, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince.