Gamba Mai Rufa Asirin Gida

Yau ina so mu yi magana a kan wata ciyawa wadda kullum muke gani, amma ba mu ɗauke ta a bakin kome ba, watau gamba. Da ita ake saƙa zana a kewaye gida, a kare makewayi da madafa. Duk matar da iskar bazara ta taɓa kayar mata da danga ta san kunyar abin. Ga mai wucewa yana hangen tsakar gida, ga awakin maƙwabta sun auka wa shanya.

Da yawanmu muna tsammani gamba mutuwa take yi da rani. A'a, karanta ne kawai yake bushewa, tushen yana nan da ransa shekara da shekaru. Masana sun ce saiwarta iri 3 ce. Akwai sirara kusa da bisa, masu shan ko ɗan yayyafi. Akwai masu kauri da ke ajiye abinci, kamar yadda muke ajiye hatsi a rumbu. Sa'an nan akwai masu nutsawa ƙasa neman laima. Shi ya sa takan jure fari har na wata 9, kuma da an yi ruwan farko sai ta yi toho, dabbobi su sami abin ci tun sauran ciyayi ba su tsiro ba.

Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya. Cikin 1973 aka ɗauki irin gamba daga Shika, kusa da Zariya, aka kai ƙasar Kolombiya. Zuwa 1980 har an raba wa makiyayan can da na Barazil suna shuka ta don shanunsu. Kun ga abin da muke takawa a hanyar rafi, wasu sun ƙetare teku da shi.

To, mu nan fa? A garuruwa da yawa gonaki sun cinye saurukan da ake yankan gamba, sai an yi tafiya mai nisa, ko kuwa a saya da tsada. Maganin wannan ba wuya. Idan damina ta kankama, a sami tushe babba a raba shi, a dasa a jere bisa iyakar gona ko bayan gida. Za ta tsare iyaka, ta hana ruwa kwashe ƙasa.

Amma a kula da abu uku. In don dabbobi ne, a yanka tun tana ɗanya, gama in ta fid da kai ta yi tauri. In don zana ne, a bari sai kaka ta ƙosa, a yanka da lauje, kada a tumɓuke tushen. Na uku, a yi nesa da ita da murhu, don busasshiyar gamba ba ta wasa da wuta.

Ku kuma 'yan makaranta, ku roƙi malamarku ku dasa layi guda a gefen lambun makaranta, ku riƙa auna tsawonta kowane mako. Kada ku yi mamaki in ta wuce ƙafa 10. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.