Yadda ake shirya ɗakin baƙi a Wurno, Rabah da Goronyo

A gabashin jihar Sakkwato ɗakin baƙi ba ya daɗewa a kulle. 'Yan uwa kan zo Sallah ko biki, wasu kuma ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837.

Kafin a yi maganar labule da zanen gado, gidan sauro ake fara ɗaurawa. Wurno da Goronyo suna bakin fadamar gulbin Rima, Rabah kuma tana gefen gulbin Sakkwato, don haka sauro yakan yi yawa, musamman da damina. Abin kunya ne jika ya zo gaida kaka ya koma da zazzaɓi.

Sai zafi. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, lokacin da soron ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi nesa ba kusa ba. Akan ajiye randa a inuwa, a tanadi tabarmar kwanan waje. Da hunturu kuwa, bargo ne da toshe taga saboda ƙura.

Namiji akan sauke shi kusa da zaure, mace a cikin gida wajen uwargida. A turara ɗakin, a ajiye buta da darduma, a nuna wa baƙo alƙibla tun bai tambaya ba.