Tayar da Injin Jirgi Mai Saukar Ungulu: Abin da Matuƙan Soja Suka Koya daga Tsofaffin Jirage

1.0 Gabatarwa

Galibin mutane suna ɗauka cewa babban aikin matuƙin jirgin sama yana can sararin samaniya ne. Amma matuƙan jirage masu saukar ungulu na soja sun san cewa akwai wani minti guda a ƙasa, kafin jirgi ya ɗaga ko da taƙi ɗaya, wanda a cikinsa ake iya lalata injin da ya fi gidaje da yawa tsada. Wannan shi ne mintin tayar da inji. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana abin da ke faruwa a cikin wannan minti, da halayen tsofaffin jirage, da kuma dalilin da ya sa zafi da ƙurar ƙasarmu suke ƙara wa aikin wuya.

2.0 Jiragen da Ake Magana a Kansu

An kafa Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya a 1964, da taimakon masu horarwa daga Jamus ta Yamma. A shekarun 1970 rundunar ta sayi jirage masu saukar ungulu samfurin Bo 105 daga Jamus da Puma daga Faransa. Rundunar ta kuma taɓa amfani da ƙaramin jirgin Hughes 300 na Amurka wajen koyar da sababbin matuƙa. Daga shekarar 2000 jiragen yaƙi na Rasha samfurin Mi-35 suka shigo. Hughes 300 yana aiki da injin fistan ne, irin na mota. Sauran kuwa suna da injin da ake kira tabayin, wanda ke zuƙar iska ya matse ta, ya ƙona kananzir a cikinta, sa'an nan iskar mai zafi ta bi ta kan jerin ƙananan fikafikai ta juya su.

3.0 Yadda Inji ke Tashi

Duk wanda ya ga ana tayar da tsohon injin niƙa a Gaya ko Ajingi ya riga ya san rabin darasin. Mai inji yakan ɗage ɗan ƙarfen da ke sassauta matsi, ya yi ta juya hannu har gargaren ya ɗauki gudu, sa'an nan ya saki ƙarfen. In ya yi gaggawar saki, inji ba zai kama ba. Watau dai inji ba ya iya ta da kansa, sai an kai shi wani mataki na gudu tukuna.

Haka abin yake ga injin tabayin, sai dai a nan hukuncin gaggawa ya fi tsanani. Mafi yawan iskar da injin ke zuƙa ba don ƙonawa ba ce, don sanyaya cikinsa ce. A lokacin tayarwa kuwa gudunsa kaɗan ne, saboda haka iskar ma kaɗan ce. Alal misali mu ɗauki injin Allison 250, wanda Bo 105 ke ɗauke da guda biyu. A jirgin Bell 206, mai irin wannan inji, matuƙi yakan danna kik har gudun inji ya kai kimanin kashi 15 cikin ɗari, kana ya buɗe mai. Nan take allurar ma'aunin zafi za ta zabura. Doka ita ce kada zafin ya wuce digiri 927 a ma'aunin Salsiyas, kuma kada ya daɗe sama da 810 fiye da daƙiƙa 10. Ba a sakin kik sai gudu ya kai kashi 58 cikin ɗari. Duk tsawon wannan lokaci idon matuƙi yana kan allura, hannunsa kuma yana shirye ya datse mai.

4.0 Matsaloli Uku na Tayarwa

Matsala ta farko ita ce tashi da zafi. Tana aukuwa ne idan mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sai wuta ta fi ƙarfin ƙarafan da ke cikin inji. Babban sanadinta batir mai rauni ne, wanda ke fara juyi da kyau sa'an nan ya gaza a tsakiyar aiki. Iskar da ke busowa ta bayan jirgi tana shiga ta mafitar hayaƙi ita ma tana jawo haka, shi ya sa ake so a ajiye jirgi yana fuskantar iska.

Ta biyu ita ce maƙalewa, watau wuta ta kama amma gudun inji ya tsaya a wuri ɗaya, ya ƙi gaba, zafi kuwa yana ta hawa. Ta uku ita ce mai ya shiga amma wuta ba ta kama ba. Haɗarin wannan yana ga gwaji na biyu ne, domin man da ya kwanta a ciki zai kama gaba ɗaya. Maganin duka ukun iri ɗaya ne: a datse mai, a ci gaba da juya inji da kik domin iska ta wanke cikinsa ta sanyaya shi.

5.0 Halayen Tsofaffin Jirage

Kowane samfuri da nasa hali. Jiragen shekarun 1950 irin su Sikorsky S-55 suna da injin fistan wanda silindojinsa ke jere a da'ira. In jirgi ya kwana, baƙin mai yakan tsiyaya ya taru a silindojin ƙasa, kuma tun da ruwa ba ya matsuwa, tayar da shi ba tare da an duba ba yana iya lanƙwasa sandar fistan. Hughes 300 kuwa ana tayar da injinsa ne ba a haɗe da farfela ba, sai daga baya a ɗaure bel a hankali. Ɗalibin da ya bar totur a buɗe zai sa inji ya yi gudun da ya wuce ƙima, tun da babu kaya a kansa. Su kuma Rashawa sun bi wata hanya. A Mi-17 da Mi-35 akwai ɗan ƙaramin inji mai suna AI-9V, shi ake fara tayarwa, sa'an nan iskarsa ta juya manyan injuna biyu, ɗaya bayan ɗaya.

Daɗin daɗawa, jirage biyu na samfuri ɗaya ba sa zama daidai bayan shekaru. Wani yakan yi saurin ɗaukar zafi, wani yakan yi nawa. Tsohon matuƙi yana sanin waɗannan ta kunne da ido, da kuma littafin da ake rubuta laifuffukan kowane jirgi, wanda makanikai da matuƙa ke dubawa tare.

6.0 Zafi da Ƙurar Ƙasarmu

Ƙasar Kano tana kusan mita 500 sama da teku. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, iska takan yi sako-sako har ta yi kama da ta tudu mai tsawon kimanin mita 1,500. Ke nan inji yana samun ƙarancin iskar sanyaya shi, ga shi kuma ita kanta iskar da zafinta take shiga. A lokacin hunturu kuma ƙura ce matsalar. Tana cin gefen fikafikan da ke matse iska sannu a hankali, har ƙarfinsu ya ragu, inji ya riƙa tashi da zafi fiye da da. Wannan ne dalilin murafun nan masu kama da ƙwarya da ake gani a bakin injunan Mi-35, aikinsu ware ƙura ne. Har ila yau, jirgin da ya sauka a filin makaranta a ƙauye ba shi da na'urar ba da wuta ta sansani, batirinsa kaɗai ya dogara da shi, kuma kowane gwajin da ya faskara yana rage ƙarfin na gaba.

7.0 Kammalawa

Tun daga shekarun 1980 aka fara sa wa injuna kwamfutar da ke auna mai da kanta, ta kuma datse shi in zafi ya yi yawa. Wannan ya rage ɓarna ƙwarai. Duk da haka kwamfuta ba ta cajin batir, ba ta juya jirgi ya fuskanci iska, ba ta wanke ƙura. Darasin da tsofaffin jirage suka bari shi ne cewa mai sarrafa inji ya san dalilin kowane mataki, ba jerin matakan kaɗai ba. Ya kamata malaman fasaha a kwalejojinmu su koyar da haka cikin harshen da ɗalibi ke tunani da shi, su fara daga injin niƙan da ya sani a garinsu, domin ƙa'idar guda ce.