Damagaram: Yadda masu sana'ar gida ke haɗa kanta da kuɗi kaɗan

A unguwannin Birni da Zango na Damagaram, dukawa da teloli da dama a zaure suke aiki, kayansu a jibge ƙasa. Damunar 2024 ta nuna haɗarin haka: ruwan da ya rushe tsohon masallacin Birni a watan Satumba ya shiga gidajen ƙasa masu yawa. Fatar da ta jiƙe kuwa ta tashi daga aiki.

Matsalar ita ce katako, wanda galibi daga kudu ake kawo shi, ga tsada. Shi ya sa wasu ke sayen tsofaffin akwatunan kaya, su ɓalle allunan, kafinta ya goge. Wasu bulo suke jerawa su ɗora allo, ba ƙusa ko ɗaya. Mai ɗan hali yakan kai ragowar rodi wajen mai walda.

Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa mai ɗaukar nauyi, don haka kanta mai tsayuwa da ƙafafunta ta fi. Ana barin tazarar tafin hannu tsakaninta da bango saboda gara, wadda ke cin katako ta ciki har sai allo ya karye. Ana shafa wa ƙafafun baƙin mai, a ɗora su kan dutse. Amma kada man ya taɓa allon da fata ko yadi za su hau, tabonsa ba ya fita.

Kaya masu nauyi a matakin ƙasa ake sa su, musamman a gidan da yara ke rarrafe.